Gida a bakin ruwan Tiga: hutu ne ko neman wahala?

Baban_Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ritayata ta ƙarato, kuma gaskiya cikin Kano ya ishe ni, ga hayaniya ga hayaƙin adaidaita ga zafi. Wani dillali ya kai ni ya nuna mini fili a gefen ruwan Tiga, kana tsaye a cikinsa kana hango ruwa iyakar ganinka. Niyyata in yi ɗaki biyu da rumfa, in dasa mangwaro da gwaiba, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu tafi da iyali, Lahadi da yamma mu dawo. Ni in riƙa jefa fatsa, yara su koyi iyo, wani lokacin mu shiga kwale-kwale. Uwargida ta ce hauka ne, babban ɗana ya ce dabara ce. Ku da kuka san zaman bakin ruwa, me za ku ce?

Ɗan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, idan an gama ginin a ware mana ɗakin baƙi. Ni soyayyiyar ƙarfasa kawai nake so, ban da wata shawara.

Bebeji_Gida:
Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya kafin komai: a wane wata dillalin ya kai ka?

Baban_Sadik:
Cikin watan Maris ne, ana tsakiyar zafi.

Bebeji_Gida:
To a nan gizo ke saƙar. Ni ɗan yankin ne, a nan aka haife ni. Ruwan Tiga ba tafki ba ne irin wanda Allah ya ajiye a wuri ɗaya, madatsa ce. An gina ta tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tare Kogin Kano don a tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani. Duk shinkafa da tumatir da alkama da kake gani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan nan suke sha. Saboda haka daga kaka zuwa bazara ruwan janyewa yake yi, ya bar fili shimfiɗeɗe mai kyan gani, wanda bai sani ba sai ya ɗauka gona ce ta gado. Agusta da Satumba ruwa ya dawo ya karɓi kayansa. Ka koma ka duba duwatsun da ke kusa da filin, za ka ga wani layi inda launin dutsen ya canza, sama duhu-duhu ƙasa fari-fari. Iyakar da ruwa ke kaiwa ke nan. Idan filin yana ƙasa da layin nan, ruwa aka sayar maka. Idan kuma yana can sama sosai, to a watan Mayu sai ka yi tafiya mai ɗan dama a cikin taɓo da busasshiyar laka kafin ka taɓa ruwa, ba kamar yadda kake zato ba, wai ka fito daga rumfa ka jefa fatsa.

Lauyan_Unguwa:
Na goyi bayan Bebeji_Gida, in ƙara da maganar takarda. Madatsar tana ƙarƙashin hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are ne, ta gwamnatin tarayya. Akwai ƙasar da aka karɓa aka biya diyya tun lokacin gini. Jikokin masu gonakin suna nomawa idan ruwa ya janye, ba wanda ya hana su, amma noma daban, sayarwa daban. Takardar mai unguwa da shaidu biyu ba za ta cece ka ba ranar da aka zo da taswira. Alhaji ka je ofishin hukumar da ƙafarka ka tambayi iyakar ƙasarsu, sannan ka je wurin dagaci, sannan ma'aikatar ƙasa. Zuwa da kai ya fi aike.

Maman_Ilham:
Ni maganar yara ta tsaya mini a rai. Aikin asibiti nake yi, na kuma yi zama a wani ƙaramin asibiti a yankin noman rani. Alhaji, don Allah a cire maganar koyon iyo a bakin dam. Tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi take girma, wanda ke maƙale a ciyayin bakin ruwa, daidai inda ruwan bai da zurfi, inda iyaye ke ganin babu hatsari. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata take shiga. Bayan wani lokaci sai ka ga jini a ƙarshen fitsari. Akwai ƙauyukan da har ana ɗaukar abin a matsayin alamar yaro ya fara girma, saboda yawansa. Maganin yana nan, praziquantel, ana ma raba shi a makarantu, amma yau ka sha gobe ka koma ruwan, ta sake kama ka. Idan ta daɗe a jiki tana lalata mafitsara. Ga kuma sauro, wanda wannan ba sai na faɗa ba.

Sarkin_Fatsa:
Hajiya, kin tsorata mutane da yawa. Mu da muka tashi a cikin ruwan nan ga mu da ranmu da 'ya'yanmu.

Maman_Ilham:
Malam Sarkin_Fatsa, Allah ya ƙara lafiya. Amma faɗi gaskiya, kai ba ka yi fitsarin jini ba kana yaro?

Sarkin_Fatsa:
Wa bai yi ba a tsaranmu? Hhhh. To shi ke nan, kin ci wannan. Amma bari in faɗa wa Alhaji abin da ba wanda ya faɗa masa, wato daɗin wurin. Ka fito bayan sallar asuba lokacin hunturu, hazo ya kwanta a kan ruwa, masunta suna dawowa daga duba kalli (ragar kamun kifi) da mamari (igiya mai ƙugiyoyi) da suka kafa tun jiya. Kana tsaye za a juye kifin a kan yashi yana motsi, ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu, wani lokacin ragon ruwa. Mata masu suya sun riga sun hura wuta, kasko na ƙara. A tsaga ƙarfasa a wanke, gishiri kawai, a jefa a mai, a kwaso a barbaɗa yaji a miƙo maka a takarda tana ƙona yatsa. Wanda ya ci wannan ba zai ƙara kallon kifin kankara ba. Fatsa kuwa, ka nemi tana a bakin fadama, ko ka kwaɓa dusa da ɗan ƙuli-ƙuli, ka zauna kusa da duwatsu da sassafe ko bayan la'asar. Tsakar rana ɓata lokaci ne. Sai dai ka gaisa da sarkin ruwa tukun, kada ka je ka jefa ƙugiya a kan kallin wani ka yaga masa. Can ma akwai tsari, kowa ya san wurinsa.

Ummu_Hanan:
Ni ina bayan uwargida. Maza ku kan ce hutu, amma wa zai yi girki a can? Wa zai kwashe tukwane da katifu duk Juma'a? Shi yana bakin ruwa da fatsarsa, ita tana fama da itace da hayaƙi da bin yara kada su faɗa ruwa. Wannan canjin wurin aiki ne. Idan da gaske ne a tanadi mai aiki da katanga mai tsayi da banɗaki na kirki, sannan a tambaye ta.

Baban_Sadik:
Hajiya Ummu_Hanan, sai ka ce kun haɗa baki da ita. Kusan kalmomin da ta faɗa ke nan.

Bayawuri:
Gaisuwa daga Yawuri. Mu namu ruwan ya fi naku girma, tafkin Kainji, tun 1968 da aka tare Kwara. Mutum fiye da dubu 40 aka tasa, tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa yanzu, kakanninmu Gungawa da ke zaune a tsibirai aka dawo da su tudu. Don haka idan ana maganar zaman bakin ruwa, mu gado muka yi. Abin da Bebeji_Gida ya faɗa haka yake, mu ma ruwa sau biyu yake zo mana: na daminarmu, sannan wani ya iso cikin sanyi, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini ya ratso Mali da Nijar. Baƙo sai ya yi mamaki, babu hadari babu ruwan sama amma ruwa na hawa.

Abin da nake so in ja kunnen Alhaji a kai shi ne kwale-kwale. Duk inda aka tare kogi, itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙasa. Idan ruwa ya ja baya kututturan sukan matso kusa da sama, ba ka ganinsu, jirgi ya hau ya tsage. Matuƙin wurin ya san inda suke, kai ba ka sani ba. Kada ka sayi jirgi ka ce kai za ka tuƙa. Kada ka shiga bayan magariba. Idan ka ga hadari ya taso daga gabas, ko da rabin sama ne, ka fito, domin iskar farkon damina kafin ka juya jirgi ta tayar da igiyar ruwa. Mu mun ga abin da ya faru a Warra cikin Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba.

Ɗan_Bagwai:
Allah ya jiƙansu. Mu ma a shekarar nan ce, 30 ga Nuwamba, a dam ɗin Watari. Jirgi ya taso daga Badau zuwa Bagwai, yawancinsu 'yan Islamiyya za su taron Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Lodi ne ya yi yawa. Kuma ruwan Watari bai kama ƙafar Tiga ba.

Maman_Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta musu. Rigar kariya dai, kowa da tasa, ta yaro daban ta babba daban. Ta babba idan ka sa wa yaro zamewa take yi ta kansa.

Kawu_Na_Rano:
Duk kun bar babbar magana. Ruwa yana da masu shi. Duk shekara sai ya ci mutum, musamman baƙo, musamman lokacin Sallah. Ku tambayi tsofaffin wurin. Ni dai ba zan kwana da iyalina a bakinsa ba.

Injiniya_Sabo:
Kawu, Allah ya ja kwana, ban musa maka akwai aljanu ba, Alƙur'ani ya faɗa. Amma dubi waɗanda ruwan ke ci: samari ne daga birni, sun zo yawon Sallah, ba su iya iyo ba, suna ture-ture ana ɗaukar hoto. Bakin dam ba kamar bakin kududdufi ba ne da ke zurfafa a hankali. Taku uku ruwa iya gwiwa, na huɗu ka faɗa tsohon kwarin rafi ko ramin da aka haƙi ƙasa. Ga laka mai riƙe ƙafa, ga tsohon kalli da aka yar yana naɗe mutum. Wanda ya fi duka muni shi ne babban magudanar da ke kai ruwa gonaki. Gefenta siminti ne mai santsi da gansakuka, ruwan a ido kamar ba ya gudu, amma wanda ya zame babu abin kamawa. Ɗan gari ya san duk wannan tun yana goye, shi ya sa ake ganin kamar baƙo ruwan ke zaɓa.

Kawu_Na_Rano:
To, boko ya yi magana. Allah ya tsare mu duka.

Ɗan_Kurmi:
Amma fa tsakani da Allah, Bahaushe bai iya shaƙatawa ba. Audu Baƙo ya yi mana gidan zu, ya yi Tiga, aka yi otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka yi na Bagauda. Iyayenmu suna ba da labarin yadda ake zuwa can hutun ƙarshen mako. Yau otal ɗin Bagauda ya zama makarantar horar da lauyoyi. Mai kuɗinmu gara ya tafi Dubai ya ɗauki hoto a bakin ruwan wasu. Mutum ɗaya ya ce zai raya namu, kun taru kuna ba shi tsoro.

Malama_Bilki:
Ɗan_Kurmi ban yarda ba. Wa ya ce ba mu iya ba? Kamun kifin Argungu tun 1934 ake yinsa a Matan Fada. Rigata a Yawuri fa? Kilisa, farauta, wasan kara, zaman dandali da farin wata? Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mutum ya ware daga jama'a ya je ya gina gida shi kaɗai yana kallon ruwa. Mu hutunmu da mutane ne. Ina jin shi ya sa uwargidan Alhaji ta ƙi, ba girki kaɗai ba. Idan aka yi haihuwa ko rasuwa a unguwa ranar Asabar, a ce tana ina?

Bayawuri:
Malama ta faɗi gaskiya a kan Rigata, ku zo ku ga tseren jirage da iyo. Amma ku lura, masu yin ba 'yan hutu ba ne, masunta ne da 'ya'yansu. Sana'arsu ce suka mayar wasa na kwana biyu.

Na_Katsinan_Maraɗi:
Salamu alaikum, ina gaida ku daga Nijar. Mu nan muna da tabkin Madarunfa kudu da Maraɗi, ba nisa da iyakar Jibiya. Ba dam ba ne, tabki ne na Allah, kuma kewaye da shi akwai kaburburan waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara. Ranar hutu mutanen Maraɗi suna tahowa, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itace, a sayi kihi a ci, a shiga jirgi a zagaya, kahin magariba kowa ya koma gida lahiya lau. Ban ga wanda ya ce sai ya gina gida ba tukun ya ji daɗin ruwa. Alhaji, mota gare ka, Tiga ba ta kai tahiyar awa biyu ba daga Kano. Mi ya kai ka ga siminti?

Baban_Sadik:
Malam na Maraɗi, ka taɓo wani abu. Amma yini ɗaya bai isa ba. Abin da Sarkin_Fatsa ya kwatanta na asuba, shi nake so, kuma ba ka samunsa idan daga Kano ka taso.

Bahaɗejiya:
Ku kuna maganar shan iska, mu muna ƙasa muna shan abin da kuka sako. Tun da aka yi Tiga, aka ƙara da Challawa a Ƙaraye a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamunmu ta canza. Ruwa ya koma zuwa duk shekara ba yankewa, doguwar ciyawar ruwan nan kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa daga Hadeja har Guri da Nguru. Gonakin shinkafa sun zama dajin kachala, tsuntsun jan baki ya samu masauki yana cinye abin da aka noma. Ba laifin Alhaji ba ne, na sani. Na dai ga ana yabon dam ne na ce bari in tuna muku akwai mu.

Injiniya_Sabo:
Gaskiya ne Hajiya, wannan muhawara ce mai zaman kanta, ya kamata a buɗe mata nata zaren. Tunda kin kawo maganar sama da ƙasa, Alhaji ka tabbatar filin yana gefen tafkin ne ta sama, ba ƙasan bangon dam ko kusa da inda ruwa ke malala idan ya cika ba. Madatsar Bagauda da ke nan kusa ta ɓalle a Agustan 1988, manya suna tunawa. Ɓallewar madatsar Alau kuwa a Satumban 2024 kowa ya ga yadda Maiduguri ta kasance. Sannan kada ka ce tunda ga ruwa a ƙofar gida ka huta da haƙa rijiya. Ruwan dam ba na sha ba ne. Wurin kuma akwai dutse a ƙasa, sai an auna kafin a haƙa burtsatse, in ba haka ba ka zuba kuɗi a rami. Ramin masai ka nisanta shi da bakin ruwa da rijiyar. Wuta kuwa ka yi lissafin sola tun farko.

Maman_Ilham:
Ƙari a kan ta Injiniya: idan dole sai an ɗebo ruwan dam don wanka, a zuba a duro a rufe ya kwana biyu kafin a taɓa, ko a tafasa. Ƙwayar tsargiya ba ta daɗewa idan ba ta samu jikin mutum ba. Wannan na wanka ne kawai, ban ce a sha ba.

Tsohon_Soja:
Ba wanda ya yi maganar tsaro. Gidan da babu kowa Litinin zuwa Alhamis, da sola a kan rufi. Sai mai gadi, kuma ɗan garin, wanda dagaci ya sani. Kuma kada ka ware can gefe kai kaɗai, ka shiga cikin mutane. Ka yi sallah a masallacinsu, ka je jana'izarsu, ka sayi kifinsu ba tare da ka matse su a ciniki ba. Su ne katangarka. Wani abokin aikina ya yi irin wannan a bakin wani dam, ya kewaye fili har bakin ruwa da waya, ashe ya tare hanyar da shanu ke bi su sha. Bai ƙara samun kwanciyar hankali ba sai da ya cire wayar da hannunsa.

Bebeji_Gida:
Wannan haka yake, burtali da mashaya ba a taɓa su. Alhaji ga shawarata, ka ɗauka ko ka bari. Kada ka biya ko sisi bana. Ka kama hayar ɗaki a cikin garin Tiga ko Rurum, ka zo cikin Agusta ka kwana, ka ga sauro da hanya da inda ruwa ya kai. Ka dawo da hunturu ka ji irin sanyin da ke tasowa daga ruwa, ka dawo da bazara. Ka zo da Hajiya, a kai ta Ruwan Kanya da duwatsun Rurum ta gani da idonta. Idan dillalin ya ce maka wani na nan zai biya gobe, ka ce masa Allah ya sa albarka.

Lauyan_Unguwa:
Wannan kalma ta “wani zai biya gobe” ita ta cika mana kotu.

Baban_Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira dillalin na tambaye shi inda ruwa ke tsayawa da damina, ya ce wai bai taɓa kaiwa nan ba, sai dai shekarar da aka yi ruwa da yawa. Na ce wace shekara ce, ya ce zai tambayo. Maganar haya ta shige ni, amma ban fasa ba, ko da sama da hanya ne zan nema. Iyo kuma na janye, Hajiya Maman_Ilham ta yi nasara.

Ummu_Hanan:
Maganar mai aiki fa? Ka tsallake ta.

Sarkin_Fatsa:
Alhaji in za ka zo ka taho da zaren roba mai kauri da ƙugiya ƙanana da matsakaita, na bakin kasuwar can ba su da ƙwari. Bayawuri, ku can har yanzu ana samun giwan ruwa manya kuwa? Nan sai a daɗe ba a ga na kirki ba.

Bayawuri:
Ana samu, amma ba kamar da ba. Masu jan taru mai ƙananan ido sun kwashe 'ya'yan kifi, an hana amma da dare ake yi. In ka shigo Yawuri ranar kasuwa ka zo bakin ruwa da wuri, kafin 'yan Onica su loda.